Waken Suyar Barazil da Dajin da Ba a Sa a Lissafi Ba

A ƙarshen 2023 hukumar binciken sararin samaniya ta Barazil, INPE, ta fitar da ƙididdigar dajin da aka share cikin shekara guda. A yankin Amazon an share murabba'in kilomita 9,001, ragi mai kauri a kan shekarar da ta gabata, kuma duniya ta yi ta sambarka. A Cerrado kuwa, wato dajin ciyawa da gajerun itatuwa da ya shimfiɗu a tsakiyar ƙasar, an share murabba'in kilomita 11,011. Wannan ƙari ne, ba ragi ba, kuma a dajin da faɗinsa kusan rabin na Amazon ɗin Barazil ne kawai. Kaɗan ne suka ko ɗaga kai.

Waɗannan lambobi biyu ba daga sama suka faɗo ba. Shekara hamsin aka yi ana yanke shawarwarin ciniki a Washintan da Tokiyo da Burasels da Beijin, kowace da dalilinta: tsadar abinci a nan, cutar dabbobi a can, rikicin haraji a wani wuri. Babu ɗaya daga cikinsu da aka yanke da niyyar a share daji, kuma babu wadda aka tsaya aka tambayi ina ƙasar noman za ta fito. Ranar da aka fara yin wannan tambaya kuma, dogayen itatuwa kaɗai aka ƙirga.

Yadda waken ya isa can

A 1972 ruwan tekun Peru ya ɗumama, ƙananan kifayen da ake niƙawa a yi abincin dabbobi suka yi ƙaranci ƙwarai. Masu kiwo a ko'ina suka koma kan waken suya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. A watan Yuni na 1973 gwamnatin Richard Nixon, don tsoron tsadar abinci a gida, ta hana fitar da waken daga Amurka. Haramcin bai daɗe ba, amma Jafan, wadda kusan duk waken da take shigowa da shi daga Amurka yake, ba ta manta ba. Ta gane cewa mai sayar maka da abinci yana iya rufe rumbu ranar da ya ga dama. A 1974 Firayim Ministan Jafan Kakuei Tanaka ya ziyarci Barazil, kuma daga wannan hulɗa aka haifi shirin PRODECER, wanda daga 1979 zuwa 2001 ya zuba kuɗi da ƙwararrun Jafan wajen buɗe kimanin hekta dubu 345 a Cerrado. Filin ba shi da yawa idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya. Amfaninsa shi ne ya nuna abin yana yiwuwa.

Kafin nan ana yi wa Cerrado kallon ƙasar da ba ta da mamora. Ƙasarsa tana da tsami, ga sinadarin alminiyam da ke ƙone saiwa, ga ƙarancin fosfaras. Shi kansa waken suya tsiron ƙasashen sanyi ne, tsawon yini ne ke gaya masa lokacin fure, don haka idan aka shuka shi kusa da tsakiyar duniya sai ya yi fure tun yana ƙarami, ya ba da abin da bai taka kara ya karya ba. Hukumar binciken noma ta Embrapa, wadda ita ma a 1973 aka kafa ta, ita ta warware waɗannan ɗaya bayan ɗaya: a zuba tan-tan na farar ƙasa a kashe tsamin, a fito da irin da ke jinkirta fure, a cuɗa irin da ƙwayoyin halittar da ke jawo wa tsiro sinadarin naitirojin daga iska. A gaskiya aikin kimiyya ne abin yabo. Sai dai ya mayar da fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 2, shimfiɗaɗɗe, wanda tarakta ke gudu a kansa ba tangarɗa, ya zama dukiyar da ke jiran mai saye.

Masu saye

Mai saye na farko Turai ce, kuma tun da wuri ta ɗaure kanta. A tattaunawar cinikin duniya da aka kammala a 1962, ƙasashen kasuwar Turai sun yi alkawarin barin waken suya ya shigo ba haraji, alhali suna kare hatsinsu da haraji mai nauyi. Sai ya zama ciyar da kaji da aladu da tunkuzar waken waje ya fi araha. Da Turai ta yi ƙoƙarin tallafa wa nata manoman su noma kayan mai, Amurka ta kai ƙara, aka ƙare da yarjejeniyar Blair House ta 1992 wadda ta iyakance filin da za a tallafa. Ana cikin haka sai ga cutar haukan shanu: daga farkon 2001 Tarayyar Turai ta hana ciyar da dabbobin kiwo garin nama da ƙashi, giɓin kuma waken suya ne ya cike mafi yawansa.

Amma Sin ce ta sauya girman lamarin gaba ɗaya. Ƙasar da waken ya samo asali ce, kuma har tsakiyar shekarun 1990 tana noma abin da ya ishe ta. Da jama'a suka fara samun abin hannu, cin nama ya ƙaru, musamman naman alade, domin kusan rabin aladun duniya a Sin suke. Hukumomi suka zauna suka yi zaɓi. Ƙasar noma ba ta isa a yi komai ba, don haka shinkafa da alkama da masara za a kare su da ƙa'idar adadi da haraji mai tsanani, waken suya kuwa a sake shi. Harajinsa kashi 3 cikin 100 ne kacal, kuma haka aka tabbatar da shi lokacin da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001. Zuwa 2020 tana shigo da tan miliyan 100 a shekara, kusan kashi 60 cikin 100 na duk waken da ke ratsa teku. Ga lissafi mai sauƙi: gonar Sin tana ba da kusan tan 2 a hekta, ke nan da a gida za a noma wannan, sai an nemo hekta miliyan 50. Abin da Sin ke saya a zahiri ƙasa ce da ruwan sama, an ɗure su a buhu.

Barazil ma ta buɗe tata ƙofar. Dokar Kandir ta 1996 ta cire wa ɗanyen kayan da ake fitarwa harajin jihohi, abin da ya sa tura waken tsurarsa ya fi riba a kan a matse shi a gida. A 1999 darajar kuɗin ƙasar, wato real, ta faɗi, waken Barazil ya yi araha a idon mai dala. Jihar Mato Grosso ta zama cibiya, har a 2003 ɗaya daga cikin manyan manoman waken duniya, Blairo Maggi, ya zama gwamnanta. A wannan shekarar kamfanin Cargill ya buɗe tashar lodin jiragen ruwa a Santarém, a tsakiyar Amazon. A 2004 aka share murabba'in kilomita 27,772 na kurmin.

Abin da ya yi aiki

A Afrilun 2006 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta bi sawun waken daga gonakin da aka share a Amazon, ta tashar Santarém, har zuwa kajin da ake sayarwa a shagunan McDonald's na Turai. Dabarar ta ci: ba manomi aka tunkara ba, ba kuma gwamnati ba, sai mai sunan da yake tsoron ya ɓaci. Cikin 'yan watanni, a Yulin 2006, ƙungiyoyin masu matsa da fitar da waken, ABIOVE da ANEC, suka sanar cewa ba za su ƙara sayen waken da aka noma a filin Amazon da aka share bayan wannan lokaci ba. Daga baya aka mayar da ranar yankewa zuwa 22 ga Yuli 2008, kuma a 2016 aka ce yarjejeniyar ta ci gaba ba wa'adi.

Dalilin nasararta ya cancanci a tsaya a kai, domin alkawuran kamfanoni irin wannan yawanci a takarda suke ƙarewa. Na farko, masu sayen kaɗan ne. Manoma dubbai ne, amma rumbunan ajiya da tasoshin jiragen ruwa da bashin taki duk a hannun 'yan tsirarun kamfanoni suke, wanda suka ƙi kayansa ba shi da inda zai kai. Na biyu, ƙa'idar ba ta da kwana-kwana: an share bayan ranar, ko ba a share ba. Na uku, tauraron ɗan'adam yana gani, hoton bara da na bana ba sa karɓar cin hanci. Binciken da Holly Gibbs da abokan aikinta suka buga a mujallar Science a 2015 ya nuna cewa kafin yarjejeniyar kusan kashi 30 cikin 100 na sababbin gonakin waken a Amazon daga sassabe kai tsaye suke fitowa, zuwa 2014 abin ya koma kusan kashi 1. Noman waken a yankin bai tsaya ba, ya ma ninka fiye da sau uku, amma a kan tsofaffin makiyayun da aka riga aka share.

Kada a ba yarjejeniyar ladan da ba nata ba. Tun 2004, a zamanin da Marina Silva ke ministar muhalli, gwamnati ta fara sa ido ta tauraro tana tura jami'ai, ta ware sababbin gandun daji, kuma a 2008 babban bankin ƙasar ya ɗaure bashin noma a Amazon da sharaɗin bin dokar muhalli. Duka waɗannan ne suka haɗu suka sauko da sharar zuwa murabba'in kilomita 4,571 a 2012. Akwai kuma ɓarakar da ba a ɗinke ba. Mafi yawan kurmin da ake sharewa don kiwon shanu ne. Idan mai wake ya sayi makiyaya da tsada, makiyayin ya kwashi kuɗinsa ya nausa gaba ya yi sabon sassabe, a takarda waken ba shi da laifi, alhali shi ya tura shanun.

Inda gatarin ya koma

Yarjejeniyar ta tsaya cak a iyakar kurmin Amazon. Dokar gandun daji ta Barazil ita ma tana bambantawa: mai fili a kurmin Amazon dole ya bar kashi 80 cikin 100 ba a taɓa ba, a Cerrado kuwa kashi 35 ne inda ya faɗo cikin yankin Amazon na hukuma, kashi 20 a sauran wurare. Ma'ana, mutum zai iya share kashi huɗu cikin biyar na filinsa da izinin hukuma a hannu. Mai jari ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Sabon fagen ya zama yankin da ake kira Matopiba, sunan da aka harhaɗa daga jihohin Maranhão da Tocantins da Piauí da Bahia.

Wanda ya kalli Cerrado daga mota zai ce ai ba wani daji ba ne, karkatattun itatuwa ne da ciyawa. Masana can suna ce masa dajin da ke tsaye da kai ƙasa, saboda mafi yawan jikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, saiwoyi masu zurfin mitoci da yawa da ke jure rani da gobara. Nau'in tsirransa ya haura 11,000, dubbai daga ciki babu su a ko'ina sai nan. Kuma daga tuddansa ne manyan koguna irin su São Francisco da Tocantins da Araguaia da rassan Paraná ke tasowa. Saiwoyin nan su ke barin ruwan damina ya nutse ya cika taskar ƙarƙashin ƙasa, wadda ke ciyar da kogunan da rani. Waken suya saiwarsa gajera ce, 'yan watanni yake yi a gona. Kusan rabin Cerrado ya riga ya tafi.

Mutanen yammacin Bahia sun ga sakamakon a bakin rafinsu tun kafin masana su rubuta. Manyan gonaki suna zuƙar ruwa daga koguna da taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Urucuia don ban ruwa da na'urori masu kewayawa, ƙananan manoma da makiyayan da suka gaji filayen kiwon gamayya suna ganin ruwansu na janyewa. A Nuwambar 2017, a Correntina, ɗaruruwan mutane suka kutsa wata babbar gona suka farfasa injinan jan ruwa. Da aka kira su 'yan ta'adda, dubban mutanen garin suka fito zanga-zangar mara musu baya.

A wannan shekarar ƙungiyoyin kare muhalli sun nemi a shimfiɗa irin yarjejeniyar Amazon zuwa Cerrado, kamfanonin abinci na Turai da yawa suka sa hannu. Manyan masu sayen waken ba su yarda ba, domin a nan ne kasuwarsu take, kuma manoman sun ce wanda yake son su bar abin da doka ta halatta musu, to ya biya.

Wata tambaya takan taso: Barazil tana da miliyoyin hektoci na makiyayun da suka gaji, har a ƙarshen 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da hekta miliyan 40 cikin shekara goma, to me ya sa ake ci gaba da sassabe? Amsar tana cikin farashin fili. Daji da araha ake samunsa, da zarar an share shi an zuba farar ƙasa darajarsa ta ninka. Da yawa daga masu sharewa ba waken bana suke hange ba, filin da za su sayar nan da 'yan shekaru suke hange. Duk abin da ya nuna musu cewa masu saye za su daɗe suna zuwa, ya ishe su dalili.

Harajin 2018

Irin wannan alama ce ta zo a ranar 6 ga Yuli 2018, lokacin da Sin ta ɗora wa waken Amurka ƙarin haraji na kashi 25 cikin 100 don rama harajin da gwamnatin Donald Trump ta sa wa kayanta. A ƙididdigar kwastam ta Sin, waken Amurka ya faɗo daga kusan tan miliyan 33 a 2017 zuwa kusan 17 a 2018, na Barazil ya hau daga kusan 51 zuwa 66. A watan Nuwamba ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga daga Amurka ba. Gwamnatin Amurka ta sanar da tallafin dala biliyan 12 ga manomanta, sannan biliyan 16 a shekara ta biye.

Wasu masana sun yi gargaɗi a mujallar Nature a 2019 cewa idan Barazil kaɗai za ta cike giɓin, ana iya buƙatar har hekta miliyan 13 na sabuwar ƙasa. Hakan bai faru nan take ba. Zazzaɓin aladu na Afirka ya shiga Sin a Agustan 2018 ya karkashe garke, buƙatar abincin dabbobi ta ragu, kuma a Janairun 2020 ƙasashen biyu suka yi ƙwarya-ƙwaryar sulhu. Gaskiya ne sharar Amazon ta hau har zuwa murabba'in kilomita 13,038 a 2021, amma waɗannan shekarun mulkin shugaban Barazil Jair Bolsonaro ne, wanda ya karya lagon hukumomin sa ido. Duk wanda ya ce zai raba wannan lamba ya ce ga rabon haraji ga rabon siyasa, ni dai ban gaskata shi ba. Abin da harajin ya yi, a ganina, ya fi haka zurfi: ya koya wa Sin darasin da Nixon ya koya wa Jafan. A 2023 Barazil ta fitar da waken da ya haura tan miliyan 100, kusan kashi 70 cikin 100 zuwa Sin. Da rikicin ya sake tashi a 2025, Sin ta yi watanni ba ta sayi sabon waken Amurka ba, ba ta kuma ji a jikinta ba.

Dokar Turai da ma'anar kalmar daji

A Yunin 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigo da kayan da suka jawo share daji: waken suya, shanu, koko, kofi, manja, roba da katako. Mai shigowa dole ya nuna ainihin wurin gonar a taswira, ya tabbatar ba a share ta bayan 31 ga Disamba 2020 ba. Ba a taɓa yin doka mai wannan ƙarfi ba, kuma ta karya wata tsohuwar al'adar cinikin duniya, wadda ke kallon kaya kawai ba ta tambayar yadda aka samar da su.

Sai dai dokar ta ari ma'anar daji daga Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya: fili fiye da rabin hekta, itatuwa sama da mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100. Mafi yawan Cerrado bai cika wannan sharaɗi ba. Ke nan a karo na biyu an ja layi, kuma wurin da waken ya fi yin ɓarna ya sake faɗawa waje. An rubuta a dokar cewa za a duba faɗaɗa ta zuwa irin wannan daji nan da shekara guda, wa'adin ya wuce ba a faɗaɗa ba. Ita kanta dokar, da ya kamata ta fara aiki a ƙarshen 2024, ɗage ta aka yi. Ƙasashe 17, ciki har da Barazil da Indonesiya da Gana da Najeriya, sun rubuta wa Turai a Satumbar 2023 suna kukan cewa an yi dokar ba da shawararsu ba, kuma ƙananan manoma ne za su sha wahalar takardu. Kukan yana da tushe, musamman ga masu koko da kofi.

Ga waken suya kuwa matsalar daban ce. Turai babbar mai sayen tunkuza ce, amma kasonta bai kusa na Sin ba. Kamfani zai iya ware waken tsofaffin gonakin kudu ya tura tashar jiragen ruwa ta Rotadam a Turai da takardunsa cas, na Matopiba kuma ya loda shi zuwa inda ba a tambaya. Kayan Turai sun tsarkaka, adadin itacen da ya faɗi bai sauya ba.

Zuwa 2025 ita ma yarjejeniyar Amazon ta shiga tangal-tangal. Ƙungiyar manoman waken, Aprosoja, ta daɗe tana cewa kamfanoni ba su da hurumin kafa dokar da ta zarce ta majalisa: idan doka ta ba mutum damar share kashi 20 na filinsa, wa ya naɗa ɗan kasuwa alƙali? A 2024 majalisar Mato Grosso ta yi dokar janye rangwamen haraji daga kamfanonin da ke cikin yarjejeniyar. A Agustan 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar, CADE, ta ba da umarnin dakatar da ita tare da buɗe bincike, bisa zargin cewa haɗin bakin masu saye ne. Abin da ya ba yarjejeniyar ƙarfi tun farko, wato kasancewar masu sayen 'yan kaɗan ne masu magana da murya ɗaya, shi ne ya zama hujjar da aka tuhume ta da ita. A gefe guda kuma, hanyar BR-163 da ke ratsa kurmin an gama shimfiɗa mata kwalta har tashar Miritituba a bakin kogin Tapajós, tireloli na bin ta dare da rana, an kuma yi ta ja-in-ja a kotu kan layin dogo mai tsawon kilomita fiye da 900 da ake son ginawa daga garin Sinop na Mato Grosso zuwa wannan tashar.